Littafin Zulai a Kan Soro

A gidanmu na Ƙofar Durbi ba don jin ɗumi ake hura wutar Iya ba, wutar sana'a ce. Iya, mahaifiyar babanmu, gyaɗa mai gishiri take soyawa, kuma ba ta yin suya da rana. Takan ce rana da wuta ba su haɗuwa a kan tsohuwa ɗaya. Sai an idar da sallar magariba take fito da kaskonta ƙofar ɗaki, ta zuba rairayi, ta zauna jiran ya yi zafi. Mu kuma, yaran gida da na maƙwabta, mu kewaye ta da fayafayai muna ɓarar gyaɗar da za a jiƙa gobe. Ƙa'idar a fili take: hannu na ɓara, baki na tatsuniya. Da ta ji ƙarar ɓawo ta ragu, sai ta yi shiru a tsakiyar labari, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta cinye mutum.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta juya gyaɗa da sakaina, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." In ta gama kuma ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya kama gabansa.

Ni ce nake fara amsawa kullum, sauran su biyo baya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida Ummi ake kirana, ita kuwa takwara take ce mini. Wurin zamana sananne ne, dama da ita, jikin wani tsohon turmi da aka kife ake ɗora fitila a kai. In waƙa ta zo a cikin tatsuniya, ni ke karɓar amshi. In ta tankaɗe gyaɗa ta tsince waɗanda suka ɗan ƙone, a tafin hannuna take zubawa ba tare da ta dube ni ba. Ban taɓa tunanin wannan gata ne ba. Na ɗauka haka Allah ya tsara duniya.

Ina aji shida na firamare a shekarar da soja za su miƙa mulki ga farar hula. Katangun unguwa duk an manne su da hotunan 'yan takara, zauren gidanmu kuma bai rabuwa da rediyo da gardama. Wasu abokan babanmu na cewa soja ba su taɓa sakin nama in ya shiga bakinsu, wasu na cewa wannan karon da gaske ne. Mu yara ba ruwanmu. Soja ɗaya muka sani, shi ne Baba Lawal, ƙanen babanmu, wanda ke zaune a bariki a Jos. A wannan shekarar aka tura su wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma. Matarsa ta koma gidansu da ƙananan yara, babbar 'yarsa kuwa, Zulai, aka kawo ta wurinmu.

Ta girme ni da shekara ɗaya. Doguwa ce, mai sanyin magana, Hausarta ta bariki, tana cewa "na je" a inda muke cewa "na tahi". Ban ƙi ta ba a ranar farko. Na ma nuna mata inda ake ajiye buta da inda kaza mai 'ya'ya ke kai hari. Sai da ta buɗe akwatinta ta fito da littattafai biyu sannan abubuwa suka fara lalacewa.

Irin littattafan yaƙi da aljanu ne da ake yayi a lokacin, na ɗaya da na biyu, an ɗinke bayansu da zare saboda sun sha hannu. Labarin wata yarinya ne, Sailuba, 'yar maharbi, wadda wani matsafi ya mayar da mahaifinta dutse a bakin daji. Ba ta da wa, ba ta da ƙane. Ta ɗauki bakan ubanta da kwarinsa ta nufi ƙasar aljanu neman maganin da zai tashe shi. Wata yamma, kafin rairayi ya yi zafi, wata yarinyar maƙwabta ta ce Zulai ta karanta mana kaɗan. Ta karanta shafi biyu. Na zuba ido ina jiran Iya ta ce a rufe wannan shirme, ga baƙuwa a ƙofa.

Sai Iya ta ce, "To, sai mi ya hwaru?"

Tun daga ranar tatsuniya ta tsaya. Da an yi magariba Iya za ta ce, "Zulai, ina muka kwana? Ta haye kogin ko tana nan tana shawara?" Da yake karatu sai da haske, fitila kuma tana kan turmi, sai Iya ta ce, "Takwara, ɗan gusa mata." Na gusa. Washegari ma na gusa. A rana ta uku ba wanda ya ce mini komai, na iske ta riga ta zauna. An ɗauke mata ɓarar gyaɗa tunda hannunta na riƙe da littafi. Ran nan kuma, ina kallo, Iya ta tsince ƙonannun gyaɗa ta miƙa hannu dama kamar yadda ta saba, ta zuba a tafin da ta samu a wurin. Zulai ta ce na gode. Ni a iya zamana a wurin ban taɓa cewa na gode ba, domin abin mutum ba a yi masa godiya a kai.

Na koma mai kushe. Kome aka karanta sai na samo masa aibu. Ta yaya kogi zai yi gudu da baya? Ina aka taɓa ganin kura mai kai biyu, da wane cikin take ci? Iya ta ce, "Ke da kika yarda zomo ya yi sarauta a bakina, yau kura mai kai biyu ce ta tsaya maki a wuya?" Yara suka yi dariya, har da Zulai, ko da yake ta rufe baki da littafi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a duk da'irar nan ba wanda ya kai ni son Sailuba. Ranar da aka karanta inda ta ɗaure gashinta da tsirkiya ta shiga kogin nan ita kaɗai, da kyar na iya cin tuwo. Na samo reshen dalbejiya na lanƙwasa, na ɗaure da robar tayar keke, na ɓoye a kan soron Iya. A can ake shanya kuɓewa da barkono, da tsani ake hawa, kuma a yaran gidan ni kaɗai ke da ƙarfin halin hawa. In na dawo daga makaranta sai in hau in yi ta harbin aljanu da karan dawa. A raina Sailuba tawa ce. Zulai bakinta kawai take ara mata. Ni ce na san abin da take ji, ni ce da za ta zaɓa ta riƙe mata gorar ruwa in da mun haɗu a hanya.

Littafi na biyu ya ƙare a inda Sailuba ta harbi wani baƙon saurayi a kafaɗa bisa kuskure, ashe ɗan sarkin aljanu ne. Na uku kuwa babu shi a akwatin Zulai. Ta rubuta wa mahaifiyarta wasiƙa a nemo mata. Makonnin da aka yi ana jira, na zaci Iya za ta koma tatsuniya. Ina! Sai ta sa aka sake karanta mata na ɗaya daga farko, wai akwai wuraren da hayaƙi ya hana ta ji.

Littafin ya iso ana cikin tsananin zafi, gab da ranar miƙa mulki. Wani direba ne ya kawo, a cikin ƙunshi tare da atamfa da busasshen kifi. Sabo fil, har da ƙanshin takarda. Iya ba ta nan, ta tafi biki Ƙofar 'Yandaka za ta kwana biyu. Yara suka yi ta roƙon Zulai ta fara, ta ce a'a. "Ko ni ba zan buɗe ba sai Iya ta dawo. Tare muka fara, tare za mu ji." Ta sa shi a ƙarƙashin matashinta.

Wannan kirkin nata ya fi kome ƙona mini rai. Da ni ce, da tuni na shige bayan ɗaki na cinye shi.

Washegari da aka tafi da ita kitso, na zare littafin na cusa a zani, na hau soro. Na raɓa a inuwar rawanin ginin, na buɗe.

Shafukan farko Sailuba na jinyar ɗan sarkin. Na ce to, ai ita ta harbe shi, ya kamata. Sai ya buɗe ido ya dube ta, sai ta sunkuyar da kai, sai bakan ya faɗi daga hannunta. Na yi ta jiran ta sunkuya ta ɗauka. Ba ta ɗauka ba. Marubucin ya manta da shi a nan ƙasa har littafin ya ƙare. Yarinyar da ta tsaya gaban kura mai kai biyu ko gezau, sai ga ta tana suma don ɗan sarki ya yi tafiyar kwana uku bai yi mata sallama ba. Sau uku ta suma, na ƙirga. Aka ɓata shafi guda ana kwatanta girarsa. Aka ɓata biyu tana duba madubi tana tambayar kuyangi ko ta yi kyau. Duk wani dodo da ya taso, sai ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayansa, shi kuma ya zare takobi. Wai me ta gani a jikinsa? Mutumin da bai iya ko kauce wa kibiya ba! Mahaifinta kuwa, wanda dominsa aka baro gida, sai a shafi na biyun ƙarshe aka tuna da shi. Ɗan sarki ya murza zobe, dutse ya yi atishawa ya zama mutum, aka wuce maganar a layi uku, aka shiga lissafin kayan biki.

Na rufe littafin ina huci. Ji na yi kamar wata ƙawa ce da muka sha wuya tare ta hango saurayi ta sake mini hannu a tsakiyar kasuwa. Na ɗauki bakana na dalbejiya na karya a gwiwa.

Innarmu ta ƙwala mini kira daga ƙasa. Na tura littafin ƙarƙashin wani tsohon kwando na sauko. Zan so in ce mantawa na yi da shi, amma ba haka ba ne. Na ce a raina bari ta ɗan neme shi, ta ji yadda ake ji. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda aka yi wata biyu ana roƙo. Innarmu ta ce in hau in kwaso shanya. Na hau, na kwaso barkono, na dubi kwandon nan, na sauko na bar shi.

Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle, ƙanshin ƙasa ya cika gari. Zulai ba ta fita ba. Tana ɗaki tana ɗaga tabarma, tana zazzage akwati, tana tambayar kowa ko ya ga littafinta. Ta tambaye ni. Na ce ni mai gadinsa ce?

Da safe Innarmu ta hau da kanta duba indararo, ta sauko da wani abu a hannu kamar jiƙaƙƙen ƙanzo. Takardar irin mai arha ce, ta kumbura ta manne, tawadar ta narke. Zulai ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓa, ta zauna a rana da tsinken tsintsiya tana ƙoƙarin raba shafukan, kowanne ta taɓa sai ya zo a dunƙule. Ba wanda ya tambayi wa ya kai littafi soro. Innarmu ta ciro muciya ta nufo ni, daidai lokacin Iya ta yi sallama da ƙunshin kayan biki a ka. Ta dubi Zulai, ta dubi abin da ke gabanta, ta dube ni. Ta ce, "Aje muciyar nan. Bar mani ita."

A ranar ne aka rantsar da sabuwar gwamnati. Zaure ya cika, rediyo na ta kaɗe-kaɗen badujala. Da babanmu ya shigo cin abinci, na ji Zulai ta durƙusa ta ce masa, "Baba, tunda soja sun sauka, za a dawo da su babana gida?" Ya ce, "Da yardar Allah, Zulai." Wata huɗu ke nan ba a samu wasiƙarsa ba. Na san da haka, kowa a gidan ya sani, amma ban taɓa tsayawa na auna abin a raina ba.

Bayan magariba Iya ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya yi ta murtukewa. Na zauna can nesa, bayan kowa, na sunkuyar da kai a kan faifaina. Iya ta daɗe tana juya rairayi. Can ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa."

Wata uku rabonmu da jin wannan. Yara suka waiwayo suna jira in fara amsawa. Na ci gaba da ɓara, ban ɗago kai ba. Sai wata murya ta ce a hankali, da Hausar bariki, "A shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyar wata yarinya ce, Lami, a wani gari mai ruwan zartsi. Wata rana tana kiwon awaki ta gano wani ɗan idon ruwa a gindin dutse, wanda ba ya tsattsafowa sai an yi masa waƙa. Iya ta rera da muryarta mai ɗan rawa:

"Ido, ido, ɗan gindin dutse,
Buɗe ka gan ni, ni ce taka."

Da ta rera sai ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, mai sanyi kamar na randar ƙasa. Lami ta sha, ta wanke fuska, ba ta gaya wa kowa ba. Kullum sai ta je. Ran nan ta iske wata baƙuwar yarinya, 'yar fatake, ƙishi ya jigata ta, ta durƙusa a wurin tana wata waƙa daban da harshen garinsu. Sai ga ruwa ya ɓulɓulo mata ita ma.

"Ba wai ya rage ma Lami nata ba hwa," in ji Iya. "Shina ba wannan, shina ba waccan. Amma Lami ta ji ruwan ya canza ɗanɗano a bakinta."

Da baƙuwa ta tafi, Lami ta mirgino dutsen niƙa ta danne idon. Ta ce gobe in 'yar fatake ta zo ta rasa, in ta gaji ta wuce, sai in buɗe abina. Ta kwana uku ba ta je ba. A na huɗu ta ɗaga dutse ta rera waƙarta. Ta sake rerawa. Ba kome a wurin sai wani kwaɗo da ya dube ta ya ce, "Mai gidan ya tashi." Ruwa ba ya zama inda aka toshe shi, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya yi gaba. Lami ta bi sawun danshi, kwana da kwanaki, leɓɓanta suka tsattsage, har ta isa wani zango. Can ta iske ruwan ya fito ya zama tafki, ga baƙuwar nan zaune a bakinsa. Yarinyar ta gane ta. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta miƙa mata.

Iya ta koma tankaɗe gyaɗa. Hannuwa duk suna ɓara, ba wanda ya tsaya, amma ba ta ci gaba ba.

Wani yaro ya ce, "Iya, ta sha?"

"Ni dai nan na baro su, ƙoƙo na tsakani. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Na ɗauka an gama da ni ke nan, na fara tattara ɓawo zan sulale. Sai ta ce, "Takwara, taho nan. A gidan nan ke ɗai kika san abin da ya samu ɗiyar maharbi. Wanda ya ci tuwon mutane shi ka ba su labarin miya. Zauna ki biya mana."

Na matso, ban zauna jikin turmi ba, na tsuguna gaban wuta. Da na shiga labarin sai haushin jiya ya dawo mini sabo. Na faɗi yadda bakan ya faɗi ba a ɗauka ba. Na faɗi suma uku. Na kwaikwayi yadda take duba madubi, har yara suka fara dariya. Na ce littafin banza ne, an mayar da jaruma 'yar tsana, ko ruwa bai ci shi ba bai cancanci a karanta ba. Ina magana ina satar kallon Zulai, ina so in ga ta ji kunyar littafinta.

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Ummi, babanta fa? Ya tashi?"

Na ce, "Ya tashi mana. Amma ba ita ta tashe shi ba. Wannan ragon ne ya murza zobe, wai shi ke nan. Duk wahalar da ta sha..."

"Amma ya tashi? Ya gane ta?"

"Ya gane ta."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗora goshi a kan gwiwa. Daga nan ta ce, "To ai ba komai ko wa ya tashe shi."

Sai a lokacin na gane abin da take jira tun da ta rubuta wasiƙar nan. Wata uku muna zaune a wuta ɗaya muna sauraron littafi ɗaya, ni ina bin yarinya mai baka, ita tana bin mutumin da aka bari a daji ba a san ko zai dawo ba. Kukan da muciyar Innarmu ba ta samu ta fitar ba, shi ya ƙwace mini a wurin. Na ce ta yafe mini. Ban iya faɗa da kyau ba, majina ta hana.

Iya ta bar mu muka yi mai isarmu. Sannan ta ce, "Batun littahi kam, takwara ta yi gaskiya. Mai rubutun gajiya ya yi. Ya ɗauko yarinya da baka ya aje ta da madubi, wannan ba adalci ba ne." Na ɗago kai, raina ya ɗan yi sanyi. Ta nuna ni da sakaina. "Amma ba gaskiyarki ce ta bar shi bisa soro ba. Kar ki haɗa su."

Baba Lawal ya dawo bayan kaka, ya rame, ya yi baƙi, amma da ƙafafunsa. Bai daɗe ba ya ajiye aiki ya kama gida a Ƙofar Kaura, saboda haka Zulai ba ta koma Jos ba. Muka yi sakandare tare, ɗaki ɗaya, sabulu ɗaya. In aka ga ɗaya sai a tambayi ina ɗayar. Iya ta rasu muna aji biyar, aka raba kayanta, kaskon ya faɗo a rabon babanmu, ba a sake suya a cikinsa ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Lami bulala ce kawai da aka yi mini da baki, na sha, ta wuce. Sai da Zulai ta tashi aure na san ba ta wuce ba. Wani malamin asibiti ne, ita ta kawo shi da kanta, tana sonsa yana sonta. Tun ranar da ta fara ba ni labarinsa na shiga neman aibunsa. Na ce tafiyarsa kamar ta agwagwa. Na ce ya cika dariya, namiji mai yawan dariya ba a rasa shi da wani abu. Na ce yanzu duk karatun da ta yi a madafa zai ƙare. Ni ce babbar ƙawa, na yi hidimar biki ba abin da na rage, amma bayan an kai ta na yi wata uku ban taka gidanta ba. In ta aiko, in ce aiki ya yi yawa.

Wata rana ina wanke-wanke, ba abin da ya kawo zancen, sai na ji muryar Iya a kunnena tana cewa shina ba wannan, shina ba waccan. Na tsaya da kwano a hannu. A da ina ganin kuskuren Lami shi ne dutsen da ta mirgino. Ranar na ga tun kafin dutse ta yi asara, tun lokacin da ruwa mai daɗi ya canza a bakinta alhali ba abin da ya taɓa shi. Na kuma gane dalilin da ya sa Iya ta ƙi ƙarasawa. Toshe ido aikin rana ɗaya ne, kowa na iya yi cikin fushi. Karɓar ƙoƙo daga hannun wanda kike jin ya ƙwace miki, wannan ba tsohuwar da za ta iya yi miki shi a tatsuniya.

Har gobe ina nan a kan bakana game da littafin: an cuci Sailuba, kuma in na haɗu da labarin da aka ɗauko mace da ƙarfinta aka narkar da ita don ta ga namiji, rufewa nake yi. Sai dai yanzu in na ji ina kushe abu da zafi fiye da kima, nakan tsaya in tambayi kaina ko aibun nasa ne, ko kuwa wani ne ya zauna a wurina.

Ranar Asabar ɗin makon na shirya na tafi gidan Zulai, ban aika ba. Mijin ne ya buɗe ƙofa, hannunsa duk kumfar sabulu, yana wanke mata labule saboda laulayi ya sa ba ta son ƙanshin sabulu. Ya washe baki ya ce, "Hajiya Ummi! Yau za a ci abinci a gidan nan. Kullum sai an zuba naki an rufe, ni ake sa wa in cinye da safe." Zulai ta fito daga ɗaki, ba ta ce ina kika shiga ba, ta dai kama hannuna ta ja ni ciki.

Na wuni a gidan ina baza ido, ina neman abu ɗaya tak da zan riƙe a kansa in tafi da shi gida. Ya kawo mana lemo, ya ba mu wuri, da la'asar ya tare mini mota. Ban samu kome ba. Mutumin kirki ne, shekara goma sha tara ke nan, kuma har yau ban gama yafe masa wannan ba.